Shelar da Babu Salati

Ni ɗan mai shela ne, kuma jikan mai shela. A ƙauyenmu da ke arewacin Kano, idan dagaci yana da saƙon da yake so jama'a su ji, gidanmu ake aikowa. Mahaifina ba shi da lasifika. Hannu yake ɗorawa a kunne ya ɗaga murya, a ji shi har tsallaken rafi. Ya rasu ina ƙarami, sai yayarsa Gwaggo Asabe ta ɗauke ni, ta raine ni da sana'arta ta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ban gaji shanu ba, gonar ma 'yar ƙarama ce. Murya na gada, kuma ba yabon kai ba, murya ce da in na sake ta mata kan dakatar da daka su saurara. Na rubuta wannan ne dominku samari, ku ji yadda na kusa zubar da gadon nan da hannuna.

Akwai yadda ake buɗe shela a gidanmu. Kafin ka faɗi komai sai ka ce, “Jama'a, a yi wa Annabi salati.” Ka saurara har ka ji an amsa daga cikin gidaje da gonaki, sannan ka faɗi abin da ya kawo ka. Haka kakana ya yi, haka mahaifina ya yi, haka Gwaggo ta koya mini tun muryata ba ta buɗe ba. Da na girma na sayi lasifika mai batir, na riƙa ɗaure ta a keke ina zagaya unguwanni. Rigakafin yara, ranar yasar rijiya, rasuwa, ganin wata, duk ni ne. A yankinmu gidaje ba su da nisa da juna, gona na ƙarewa wani gida ya fara, don haka kafin hantsi na gama zagayena. Wani ya ba ni ɗan hasafi, wani damin gero da kaka, ina cin abincina da rufin asiri.

Abin ya fara ne a kasuwar Makoda. Wani mai maganin gargajiya ya ji ni ina magana, ya ce in yi masa talla da lasifikata. Talla ba laifi ba ne. Amma sai ya ce in faɗa wa mutane cewa ni kaina na yi shekara da shekaru ina fama da ciwon ciki, garin maganinsa ne ya warkar da ni. Na ce masa ni ban san wani ciwon ciki ba in ba na yunwa ba. Ya yi dariya ya ce, “Malam, wa ya san ka a nan?” Gaskiya ya faɗa, babu wanda ya san ni. Na ɗaga lasifika, na buɗe baki zan yi salati kamar kullum, sai na ji harshena ya yi nauyi. Na kasa haɗa sunan Annabi da maganar da na san ƙarya ce. Sai kawai na ce, “Jama'a ku matso, ku matso.” Suka matso. Magani ya ƙare kafin la'asar, na koma gida da tsire a takarda, Gwaggo ta ci tana sa mini albarka.

Daga nan na samu dabara, kuma a lokacin na ɗauka wayo ne. Shelar gaskiya da salati, shelar ƙarya babu salati. A ganina muddin ban sa sunan Annabi a ciki ba, zunubin da sauƙi. Macuci ma yana da dokokin da yake rarrashin kansa da su don ya samu barci. Tawa dokar ita ce ba zan yi ƙarya a gida ba, sai a kasuwannin nesa inda ba a san ubana ba.

Sai shekarun tsada suka shigo. Man fetur ya tashi, kwanon masara ya gagari mai iyali, takin zamani ya zama sai wane da wane. Gidaje da yawa sau ɗaya ake ɗora tukunya, wasu kwaɗon rama suke ci su kwana. A lokacin na haɗu da Alhaji Ubale, wani dillalin taki mai hannu a siyasa. Yakan sa a gauraya taki da yashi a sake ɗinke buhu, ni kuma in tsaya a kasuwar Shanono ina yabonsa, ina cewa kai tsaye daga kamfani ya fito. Bayan taki sai tallafi. Mu je ƙauyen da ba a san mu ba, in yi shela cewa gwamnati za ta raba hatsi, kowa ya kawo na rajista. Hatsin bai taɓa zuwa ba. Na ga tsofaffi suna kwance haɓar zani suna miƙo abin da ya rage musu, na karɓa na zuba a aljihu. Na jingine keke na hau babur. Gwaggo ta tambaye ni inda na samu, na ce talla ne ya karɓe ni. Ta daɗe tana kallona, sannan ta koma kan tuyar ƙuli-ƙulinta.

Ana cikin haka ɗan majalisarmu na tarayya, wanda ke wakiltarmu a Abuja, ya yi murabus. Wani muƙami aka ba shi, ya ajiye kujerar ya tafi. Tsofaffinmu sarakuna suka sani da murabus, don haka suka yi ta tambaya wa ya tuɓe shi, kuma da laifin me. Ni dagaci ya sa na zagaya na yi bayani, da salati da komai, cewa ba tuɓe shi aka yi ba, shi ya sauka da kansa, kuma za a yi zaɓen cike gurbi ranar wata Asabar cikin damina. Gwaggo ta ce ita ta gane, kamar a yi shuka wani rami bai fito ba, a koma a sake zuba iri.

Mutum biyu ne masu ƙarfi a takarar. Ɗaya yaron wanda ya sauka ne, shi Alhaji Ubale yake yi wa aiki. Ɗayan tsohon malamin gona ne da ya yi shekaru yana yawo a gonakinmu, ya san kowa har da sunan ubansa. Ƙauyukanmu na tsallaken rafi duk shi suke so, kuma suna da dalili. Rafin nan in ya kawo ruwa da damina, ya raba mu da titi ke nan. Mai naƙuda a kan ƙyauren ɗaki ake ɗaukarta a tsallaka da ita, wasu ba su kai asibiti ba. Wanda ya sauka ya yi mana alkawarin kwalbati har mun gaji da ji. Wannan karon mutanenmu sun ƙudura za su fito su zaɓi nasu, ko da yunwa a cikinsu.

Ana gobe zaɓe Alhaji ya kira ni shagonsa da rana. Ya ce in ƙauyukan tsallaken rafi suka fito, ɗan takararsa ya faɗi. Ba ya son 'yan daba, ba ya son a fasa akwati, murya yake so. Ya ce in fita da sassafe in yi shela cewa ɗan majalisa ya janye murabus ɗinsa, an fasa zaɓe, kowa ya tafi gona.

Na ce, “Alhaji, can gida ne. Ba na yi a gida.”

Ya ce, “Don gida ne na kira ka. In baƙo ya faɗa wa zai yarda? Malaman zaɓe ba za su tsallake rafi ba sai rana ta ɗaga, ka san halinsu. Duk wanda ya leƙa firamare zai ga babu kowa. Ga shi an yi ruwa, ƙasa ta yi laushi, kowa ma dalilin tafiya gona yake nema.”

Ya ce in an ci zaɓe zai kai ni birni, in riƙa yi wa ɗan majalisa sanarwa a gidan rediyo. Ya san inda zai taɓa ni. Tun ina yaro burina ke nan, a murɗa akwatin rediyo a ji muryata. Na ce to.

Bayan sallar asuba na ɗaure lasifika a babur. Na fara da unguwar da ke bakin fadama. “Jama'a, jama'a, saƙo daga birni. Ɗan majalisa ya janye murabus, an fasa zaɓe, kowa ya kama hanyar gonarsa.” Mutumin farko da ya fito shi ne Baba Ɗanladi, abokin mahaifina, wani tsoho mai jaki. Ya sa wankakkiyar riga, katin zaɓensa a hannu.

Ya ce, “Mai-shela, da gaske? Ban ji a rediyo ba.”

Na ce, “Yanzu aka aiko, Baba. Rediyo ma ba su samu ba tukuna.”

Ya ce, “To, tunda kai ka faɗa.”

Ya koma ya cire rigar, ya ɗora garma a jaki, ya nufi gonarsa ta can ƙarshen fadama, mai nisan gaske. Bayansa maza suka fara fitowa da fartanya a kafaɗa. Na ga abin yana tafiya yadda Alhaji ya ce, har na fara jin daɗin kaina.

Hanyar unguwa ta biyu ta ƙofar gidanmu ta bi, babu yadda zan kauce. Na so in wuce da gudu, sai na tarar da Gwaggo tsaye a tsakiyar hanya, ta yafa mayafinta na zuwa unguwa, katinta ƙulle a haɓar zani. Sarkin Fawa, shugaban mahautanmu, yana gefe tare da makaɗinsa, sun jawo akuyar da za su yanka saboda taron zaɓe. Gwaggo ta ɗaga hannu, na tsaya.

Ta ce, “Na jiyo ka daga nesa. Sake faɗa in ji da kyau.”

Na kashe lasifika na maimaita mata.

Ta ce, “Ina salatin?”

Na ce, “Gwaggo, sauri nake, unguwanni da yawa.”

Ta ce, “Ubanka ya yi shelar gobara bai manta da salati ba. Kunna abin nan, ka ce a yi wa Annabi salati, sannan ka faɗi maganarka. In ka yi, ni da kaina zan cire mayafi in koma ɗaki.”

Mata sun fara leƙowa ta saman danga. Na kunna lasifika, na kai ta baki. Ku yarda da ni, na yi ƙoƙari. Kalmomin da na fi kowa iya faɗa ne, amma suka tsaya mini a maƙogwaro kamar ƙayar kifi. Lasifika tana ta ƙugi, kowa yana jin numfashina a cikinta. Gumi ya karyo mini a sanyin safiyar nan. Gwaggo ta juya wajen Sarkin Fawa ta ce, “Ka gani. Ƙarya yake yi, zaɓe na nan.” Ni kuwa don taurin kai sai na murɗa babur na kewaye ta na wuce, ina ganin ai tsohuwa ɗaya ba za ta riga inji ba.

Ashe na manta irin ƙasar da aka haife ni. Ni sai na bi hanya, in kewaye gonaki, in sauka in tura babur a taɓo. Maganar Gwaggo kuwa ba ta bukatar hanya. Matar wannan gida ta leƙa ta danga ta faɗa wa ta wancan, ta wancan ta ƙwala wa mijinta kira a gona, shi kuma ya miƙe daga noma ya faɗa wa maƙwabcinsa. Abin da suke faɗa gajere ne: “Bai yi salati ba.” Ba a bukatar ƙarin bayani, duk wanda ya tashi a yankinmu ya san abin da ake nufi. Waɗanda suka ji ni da farko suka tsaya suna tunawa, suka ce lallai kuwa, yau ba mu amsa salati ba.

Sarkin Fawa kuma ya ɗaure akuyarsa, ya sa makaɗi ya rataya kalangu suka shiga gonaki. A wajenmu in kalangu ya tashi da safe, an kayar da sa ke nan, nama ya samu. A shekarun nan kuwa an daɗe ba a ji shi ba. Sai ga mutane suna fitowa da gudu, wasu har da kwano. Su iso su tarar babu sa, sai Sarkin Fawa yana cewa, “Babu nama tukuna, akwai zaɓe. Ku bi ni firamare.” Aka yi ta dariya, aka yi ta tsokanar masu kwano, amma kowa ya bi.

Ina shiga unguwa ta uku na tarar an riga ni. Samari sun gitta amalanke a hanya. Ban ko buɗe baki ba suka haɗa murya, “Yi salati, Mai-shela, yi salati.” Ɗaya ya zare makullin babur, wani ya kwance lasifika. Suka tasa ni a gaba har firamare, wasu na cewa a yi mini dukan tsiya. A can muka tarar da Gwaggo. Ta ce kada wanda ya taɓa ni, ita ta raine ni, ita ta san hukuncin da ya dace da ni. Hukuncin shi ne in zauna a gindin darbejiyar makaranta in kalli zaɓen daga farko har ƙarshe.

Na kuwa kalla. Malaman zaɓe suka iso rana ta ɗaga, wanduna a naɗe, akwati a ka, samarinmu ne suka je suka tsallako da su. Suka tarar da layin da ya fita daga filin makaranta ya zagaya bayan masallaci. Maza da laka har gwiwa, fartanyoyi jere a jikin bango. Mata da goyo, tsofaffin da aka ɗauko a amalanken shanu, har da masu zazzaɓi da suka lulluɓa da zani suka fito. Na'urar tantancewa ta yi ta ƙin karɓar yatsun manoma da suka yi kanta, sai a goge yatsa a riga a sake, in ta ƙi a ɗauki fuska, babu wanda ya yi fushi ya tafi. Mutanen da na san ba su karya ba sun tsaya a rana har azahar ta wuce. Wakilin Alhaji yana ta kai da komowa da waya a kunne, yana neman inda zai samu sabis, fuskarsa kamar wanda ya sha maɗaci. Lasifikata kuwa wani malamin makaranta aka ba, da ita aka riƙa gyara layi. Da Gwaggo ta dangwala tata ƙuri'ar, sai ta zo ta tsaya a gabana ta ɗaga babban yatsanta mai tawada, sannan ta wuce.

Zan faɗa muku abin da ban faɗa wa alƙali ba. A zaune a gindin bishiyar nan, cikin kunya da tsoron abin da zai biyo baya, wani ɓangare na zuciyata murna yake yi. Mutanena ne waɗannan. An zauna a shago an yanke cewa yunwa da gona za su hana su fitowa, an sayi muryar da suka fi yarda da ita, duk da haka suka fito. Ban taɓa sanin mutum zai iya jin daɗin faɗuwarsa ba sai ranar.

Mutum ɗaya ne kalangu bai kai gare shi ba. Bayan la'asar, an rufe layi an zazzage akwati, sai ga Baba Ɗanladi a kan jakinsa. A hanya ya samu labari. Ya roƙi malaman zaɓe, suka ba shi haƙuri cewa lokaci ya wuce. Ya zo inda nake, katin a hannunsa, ya ce, “Tun da na isa jefa ƙuri'a ban taɓa fashi ba, sai yau da na yarda da ɗan abokina.” Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Aka ƙirga ƙuri'u a fili, malamin zaɓe yana ɗaga kowace takarda jama'a na amsawa da murya ɗaya. Tulin malamin gona ya yi ta hawa, na ɗayan kuwa ko tafin hannu bai cika ba. Mata suka rangaɗa guɗa, kalangu ya sake tashi, wannan karon Sarkin Fawa ya yanka akuyar da gaske. Ni ban ci ba, 'yan sanda sun zo sun tafi da ni. Washegari ina bayan kanta na ji rediyon wani kurtu yana faɗin sakamakon mazaɓar gaba ɗaya. Malamin gona ya ci, kuma ƙuri'un tsallaken rafi ne suka ba shi.

Da labarina ya bazu, mutanen da na cuta a kasuwanni suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, masu taki da masu tallafi. Ba fuskata suka gane ba, muryata suka gane. Na ambaci Alhaji Ubale, aka kira shi, ya zo da babbar riga ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Wannan kuma wane ne?” Babu shaida tsakanina da shi, komai da baki muka yi. Shi ya koma shagonsa, ni alƙali ya tura ni gidan yari saboda zamba da yunƙurin hana jama'a zaɓe.

Ba zan ja ku da labarin gidan yari ba. Akwai cunkoso, akwai ƙazwa, akwai gabza, abincin da ba ka san da me aka yi shi ba. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne a can babu mai yarda da maganar wani. Ka ce wa mutum ana kiransa a ƙofa, sai ya tambayi na kusa da kai ko gaskiya ne. Ni da na saba in yi magana gari ya motsa, na zauna inda magana ba ta da daraja ko ta ƙwayar gero. A nan na gane abin da na sayar. Na kuma gane dabarar nan tawa ta cire salati ba wayo ba ce. Na san sarai ƙarya nake yi, shi ya sa nake ɓoye ta daga sunan Annabi, kamar Allah ba ya ji sai an yi salati. Na yi kuka, na tuba, na roƙi gafara. Gwaggo ba ta zo ba ko sau ɗaya, amma duk wanda zai shigo birni daga ƙauyenmu sai ta ba shi ƙullin ƙuli-ƙuli ya kawo mini.

Aka sake ni a farkon wata damina. Na sauka a titi na taka zuwa gida, sai na tarar da kwalbati a kan rafi. Ba wani babba ba ne, kuma ba duk alkawuransa malamin gona ya cika ba, ɗan siyasa ne shi ma. Amma mota tana hawa. Na tsaya a kai na daɗe, ina tuna cewa ni aka aika in hana shi samuwa.

Gwaggo ta tsufa sosai. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa, ta kawo mini ruwa da tuwo. Da na gama na tambaye ta yadda aka yi ta gane ni ranar nan.

Ta ce, “Na taɓa kai man gyaɗa kasuwar Shanono, na jiyo ka kana tallan taki. Na jira salati ban ji ba. Tun ranar na san inda babur ya fito. Na yi shiru don kada in tona maka asiri, shirun nan kuwa ya dame ni.” Ta gyara zama ta ce, “Akwai shela ɗaya da ta rage maka. Duk inda ka bi ranar nan za ka sake bi, da ƙafa, babu lasifika. Ka faɗa musu abin da ka yi, ka nemi afuwa.”

Na ce, “Gwaggo, ai kowa ya sani.”

Ta ce, “Sun sani, amma ba daga bakinka ba.”

Na fita da safe, na ɗora hannu a kunne, na ce a yi wa Annabi salati. Can sai wata tsohuwa ta amsa daga cikin gida, wasu suka bi. Na ce ni ne wane ɗan wane, ni na yi ƙarya ranar zaɓen cike gurbi, saye na aka yi, ina neman afuwa. Wasu suka ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Wasu suka yi tsaki suka shige gida. Samari suka bi ni suna tambaya ko yau ma an janye murabus. Na haɗiye, ai ni na jawo.

A unguwar bakin fadama na tarar da Baba Ɗanladi zaune a kan tabarma, ƙafa ta kama shi, ba ya iya noma. Ya saurare ni har na gama. Bai ce ya yafe ba. Ya ce, “Ga gonata can ciyawa za ta cinye, 'ya'yana sun tafi kudu neman abinci ba su dawo ba. Ina son gayya ranar Laraba. Je ka faɗa wa mutane.”

Gayya, ga waɗanda suka tashi a birni, ita ce a taru a yi wa mutum noma kyauta, shi kuma ya ba da abin sha. Babu dole a cikinta, kuma gonar Baba ta fi kowace nisa a ƙauyen. Na gane abin da tsohon ya yi. Bai aiki kowa ba sai ni, bai kuma faɗa wa kowa da bakinsa ba. In mutane suka zo, maganata suka yarda da ita. In ba su zo ba, gonarsa ta tafi, ni kuma sai in nemi wani gari. Na zagaya na yi shelar.

Ranar Laraba na riga kowa zuwa gonar, ni da fartanyata. Rana ta fito, babu kowa. Na fara noma ni kaɗai, kaina a sunkuye don kada in riƙa duban hanya. Ban yi nisa ba na ji kalangu. Na ɗago. Sarkin Fawa ne a gaba, bayansa maza sun cika hanyar fadama, har da samarin da suka zare mini makulli. Can baya mata da ƙoren fura a ka, sai Baba Ɗanladi a kan jakinsa. Na ajiye fartanya na zauna a ƙasa na yi kuka kamar yaro, ana wucewa ana tsokanata cewa in tashi, ba kallona aka zo yi ba. Kafin azahar mun gama gonar. Da muka zauna shan fura Baba ya miƙo mini ludayinsa ya ce, “Sha, Mai-shela. Na yafe.”

Yau ni ne mai shelar ƙauyenmu, kuma in na yi magana ana fitowa. Samari, zaɓe zai sake zuwa. Wani zai sauka, a ce za a cike gurbi, kuma a irin wannan ƙaramin zaɓen da idon duniya ba ya kai wa aka fi neman irinku. Ba lallai a ba ku gora ko wuƙa ba. Wani wayarsa za a nema, a ce ya tura saƙo cewa an ɗage zaɓe, ko ana harbi a rumfa kaza. Wani za a ce ya raɗa wa mahaifiyarsa kawai. Wanda zai aike ku ba don ƙarfinku ya zaɓe ku ba, don akwai masu yarda da ku ne, kuma su yake so ya cuta da bakinku. Kada ku yi wa kanku doka irin tawa, wai a can nesa kawai, ko sau ɗaya kawai. Duk maganar da kuka san ba za ku iya maimaita ta a gaban wadda ta raine ku ba, ku bar ta a cikinku.

Ni Allah ya yi mini gyaɗar dogo, an yafe mini, an mayar mini da aikina. Amma Baba Ɗanladi bai kai zaɓe na gaba ba. Ni na yi shelar rasuwarsa, gari ya fito kwansa da kwarkwata. Ƙuri'ar da na hana shi ita ce ta ƙarshe a rayuwarsa, kuma babu inda zan samo ta in mayar masa. Don haka in an zo muku da irin wannan aike, ko daga bakin wa ya fito, ku ce a'a tun kuna tsaye a ƙofar shagon.